Hoton Ciki: Darasin Da Muka Ɗauka A Daren Neman Jini



Mun daɗe muna ja da baya a kan wannan rubutu, domin maganar ciki da haihuwa magana ce da Bahaushe yake jin nauyin yin ta a bainar jama'a, balle mu maza. Amma abin da ya sami iyalin wani ɗan uwanmu a watannin baya ya sa muka ga shirun ya fi maganar illa. Mun nemi izininsa, ya yarda mu ba da labarin bisa sharaɗin ba za mu kama suna ba.

Wajen ƙarfe 2 na dare wayarmu ta yi ƙara. Ɗan uwan nan ne, mai sayar da albasa a Shasha, muryarsa na rawa. Ya ce, "Sakatare, ka taimaka da mota, iyali ce jini ya ɓalle mata." Cikinta wata takwas, babu naƙuda, babu ciwon mara, tana kwance kawai ta ji ta jiƙe. Muka tashi direban da ya fi kusa, muka kai ta asibiti. Kafin a yi komai sai da likitan da ke aikin dare ya jawo na'urar hoton ciki, wadda muka fi sani da sikanin, ya ɗora mata. Cikin 'yan mintoci ya ga matsalar. Mabiyiya ce ta zauna a ƙasa ta tare bakin mahaifa, wato ta toshe hanyar da jariri zai fito. Aka ce sai an yi aiki, kuma sai an kawo jini. Haka muka shiga unguwa muna buga ƙofofi muna tashin matasa, wasu ko takalmi ba su tsaya sawa ba. Allah ya sa matar ta rayu, yaron ma ya rayu bayan ya yi kwanaki a kwalba.

Da gari ya waye likitan ya nemi takardar hoton da aka yi mata a baya. Babu. Tana zuwa awo jefi-jefi, kuma sau biyu malaman awo suna rubuta mata ta je ta yi hoto. Mijin ya sunkuyar da kai ya ce, "Likita, ni na hana ta." Likitan bai yi masa faɗa ba. Ya dai ce da an yi hoton tun ciki na wata biyar da an ga inda mabiyiyar take, da an sake dubawa a gaba, da an san rukunin jininta an tanadi masu bayarwa, an kuma gargaɗe su kada ta yi nisa da asibiti.

A bakin ƙofar asibitin muka tambaye shi dalili. Ya ciro wayarsa ya kunna mana wani saƙon murya da ya yi yawo a zaurukan WhatsApp, har da na ƙungiyarmu. Mai maganar yana rantsuwa cewa na'urar sikanin wuta take harbawa cikin ciki irin ta hoton ƙashi, tana dafa ƙwaƙwalwar jariri, wai shi ya sa yaran yanzu suke fitowa da kurumta da jinkirin magana. Ya ce, "Sakatare, ni fa don in kare ɗana na yi. Na ce da muguwar rawa gara ƙin tashi."

A nan ne jikinmu ya yi sanyi, domin mu ne masu kula da zauren. Mun ji saƙon ranar da aka turo shi, ba mu goge ba, ba mu tambayi kowa ba. Kuma in za a faɗi gaskiya, a gidanmu ma lokacin cikin autarmu, sau nawa uwargida ta kawo takardar hoto muka ce mata a bari sai wata ya ƙare. Mun fake da kuɗi ne, alhali akwai wannan shakkar a zuciya. Don haka ba yatsa muke nuna wa kowa ba.

A taron wata da ya biyo baya muka gayyato wata likita 'yar Arewa da ke neman ƙwarewa a fannin mata da haihuwa a nan Badun. Maza suka zauna gefe, mata gefe. Tun kafin ta fara, wani matashinmu mai sayar da wayoyi ya miƙe yana dariya ya ce shi ba ya cikin masu tsoro. Amaryarsa kusan duk bayan mako biyu sai sun je an haska, yana da bidiyon fuskar jaririn a waya, har ya sayo wata 'yar na'ura ta intanet da suke sauraron bugun zuciyarsa kowane dare. Likitar ta dube shi ta ce, "Ƙanena, zauna, kai ma akwai taka maganar." Ga abin da muka fahimta daga bayaninta, da kuma karatun da muka bi muka yi daga baya.

Abin da na'urar sikanin take aikawa cikin jiki sauti ne. Kunnen ɗan Adam yana jin sautin da karkarwarsa ba ta wuce sau 20,000 a sakan ɗaya ba. Na hoton ciki kuwa yana karkarwa kamar sau miliyan 2 zuwa miliyan 5 a sakan, shi ya sa ba ma jin komai. Sautin yana shiga, ya bugi ƙashi ko tsoka ko ruwa, ya dawo kamar amsa-kuwwa, sai kwamfuta ta lissafa lokacin da ya ɗauka ta zana hoto a allo. Da irin wannan dabara jemage yake gane hanyarsa cikin duhu. Man nan mai sanyi da ake shafawa a ciki ba magani ba ne, aikinsa ya kori iska tsakanin fata da kan na'urar, domin iska tana tare sautin. Kuma a hoto na yau da kullum na'urar tana aika sautin ne ɗan ƙanƙanin lokaci, sauran lokacin duk saurare take yi.

Hoton ƙashi, wato eksire, shi ne mai haske mai ratsa jiki wanda yake iya taɓa ƙwayoyin halitta. Tsoron da ake yi masa yana da asali. A 1956 wata likita a Oksfod ta ƙasar Ingila, Alice Stewart, ta gano cewa yaran da aka yi wa iyayensu eksiren ciki suna ɗauke da su sun fi sauran yara kamuwa da ciwon daji. A lokacin da eksire ake duba kwanciyar jariri. Shekara biyu bayan haka, a 1958, Farfesa Ian Donald da abokan aikinsa a birnin Gilasgo suka wallafa aikinsu na duba cikin mutum da sauti a mujallar Lancet, kuma sannu a hankali hoton sauti ya maye gurbin eksire wajen duba masu juna biyu. Ashe mai saƙon murya ya ɗauki laifin wani ne ya ɗora wa wanda aka kawo domin a rabu da wancan laifin.

Wani dattijonmu ya ɗaga hannu ya ce, "'Yata, to in sauti ne kawai, me ya sa kika ce wa yaron nan akwai tasa maganar?" Ta ce, "Baba, ka taɓa tsayawa kusa da babbar lasifika a wajen biki ka ji ƙirjinka yana rawa? To sauti ma ƙarfi ne."

Ƙarfin nan yana iya yin abu biyu a jiki. Na farko ɗumi. Idan sautin ya ratsa nama, wani ɓangarensa yana komawa zafi, kuma ƙashi ya fi komai shan sa. Na biyu matsi da girgiza, wanda ya fi tasiri a inda akwai iska, kamar huhu da hanjin wanda aka riga aka haifa. Jaririn da ke ciki babu iska a huhunsa, don haka ɗumin ne masana suka fi sa wa ido. Ƙungiyar masana hoton sauti ta duniya ta ce ƙarin zafin da bai wuce digiri 1.5 a kan zafin jiki ba ba abin damuwa ba ne, amma idan zafin ɗan tayi ya haura digiri 41 na tsawon minti 5 ko fiye, to ana ɗaukarsa a matsayin haɗari.

Ta yaya mai hoto zai san inda yake? A farkon shekarun 1990 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ɗaga iyakar ƙarfin da aka yarda na'urar duba ciki ta fitar, daga 94 zuwa 720 a ma'auninsu, kusan ninki takwas, domin hoto ya ƙara fitowa. Sharaɗin shi ne na'urorin su riƙa nuna lambobi biyu a gefen allo. Duk wanda ya raka iyalinsa ya duba sama zai ga haruffan TI da MI. TI tana nuna yiwuwar ɗumi, MI tana nuna matsi. Idan TI ta nuna 1, ma'anarta a taƙaice zafi zai iya ƙaruwa da kamar digiri 1 in aka daɗe a wuri guda. Ƙungiyar masana hoton sauti ta Birtaniya ta tsara lokaci ga masu juna biyu: in TI ba ta wuce 0.7 ba babu ƙayyadadden lokaci, zuwa 1.0 kada a wuce minti 60, zuwa 1.5 minti 30, zuwa 2.0 minti 15, zuwa 2.5 minti 4, zuwa 3.0 minti 1, sama da haka ba a yi. Hoton baƙi da fari da ake yi wa matanmu yawanci lambarsa tana ƙasa da 1, kuma mai hoton yana yawo da kan na'urar ne, ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Inda ƙarfin yake ƙaruwa shi ne abin da ake kira dofla, wanda ake auna gudun jini da shi. Shi ne idan an kunna ake ganin ja da shuɗi a allo, ko a ji bugun zuciya yana fita da ƙarfi. Wani nau'insa yana tattara sautin a ɗigo ɗaya ya tsaya a nan. Likitar ta kwatanta shi da dutsen guga: in kana yawo da shi a kan riga lafiya lau, in ka ajiye shi wuri guda ka tafi hira sai labari ya canza. Dofla yana da amfani sosai idan jariri ba ya girma yadda ya kamata, ko uwa tana da hawan jini. Amma a watanni uku na farko, lokacin da ake halittar gaɓoɓi, ƙa'idar ƙwararru ita ce kada a kunna shi haka kawai. In akwai dalili, a riƙe TI kada ta wuce 1, a kuma taƙaita, yawanci minti 5 zuwa 10. Haka nan idan mai ciki tana fama da zazzaɓi, jikinta ya riga ya yi zafi, sai a ƙara taƙaitawa. Wannan ya shafe mu da muke zaune da maleriya, don haka mace ta faɗa wa mai hoto in jikinta da zafi.

Sai babbar tambayar da ta tara mu: an taɓa bin yaran da aka yi wa hoton nan an ga yadda suka tashi? An bi. A ƙasar Norwe an raba mata masu ciki gida biyu ta hanyar ƙuri'a a wajen 1979 zuwa 1981, wasu aka yi musu hoto a matsayin wani ɓangare na awo, wasu ba a yi ba sai da dalili. Da yaran suka kai shekara 8 zuwa 9 aka duba jinsu da ganinsu da karatunsu da rubutunsu, ba a sami bambanci ba. A birnin Perth na Ostireliya an gwada mata sama da 2,800, rabi aka yi musu hoto sau biyar har da dofla, rabi sau ɗaya. A sakamakon da ya fito a 1993 jariran rukunin farko sun ɗan fi ƙarancin nauyi kaɗan a wajen haihuwa, amma da aka bi su har shekara 8 babu bambanci a girma ko magana ko ɗabi'a. A 2009 aka tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban aka yi wa Hukumar Lafiya ta Duniya bitarsu. Ba a sami alaƙa tsakanin hoton ciki da nakasa, ko ciwon daji na yara, ko raunin ƙwaƙwalwa ba. Abu ɗaya da ya ɗan leƙo shi ne 'yar ƙaruwar bahagwai a cikin yara maza. Da ta faɗi wannan sai zauren ya fashe da dariya, domin ma'ajinmu bahago ne, kuma an haife shi a ƙauyen da ko wutar lantarki babu a lokacin.

Sai dai da yawa daga cikin waɗannan bincike an yi su ne da tsofaffin na'urori marasa ƙarfin na yanzu, kuma hotuna ne gajeru a hannun ƙwararru. Shi ya sa dokar masu wannan aiki ita ce a yi amfani da mafi ƙarancin ƙarfi da mafi ƙarancin lokacin da zai ba da amsar da ake nema. A nan maganar ƙanenmu mai wayoyi ta shigo. Hoton 3D da 4D da muke gani a allunan talla a bakin titi ba wani ƙarfi na daban yake fitarwa ba, matsalarsa lokaci. Ana iya shafe rabin awa ana jiran jariri ya juyo da fuska don a sami bidiyo mai kyau, ba tare da wata buƙata ta lafiya ba. Hukumar nan ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi a kan hoton ajiye tarihi irin wannan, da kuma na'urorin sauraron bugun zuciya a gida. Ita 'yar na'urar gida akwai wani haɗarin da ya fi na ɗumi. Mace za ta ji motsin jariri ya ragu, maimakon ta tafi asibiti sai a ɗora na'ura, a ji bugun jijiyar ita uwar, a ɗauka na jariri ne, a koma barci. Wadda ungozoma take ɗorawa na ɗan lokaci a wajen awo ba ita ake nufi ba, wannan hannun wadda ta san aikin ne.

To sau nawa ya dace? Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8, a kuma yi mata hoto sau ɗaya kafin mako na 24. Da shi ake sanin ainihin watannin ciki, a gane tagwaye, a ga wasu matsalolin halitta. Asibitoci da yawa suna yin biyu, ɗaya a watanni ukun farko, ɗaya tsakanin mako na 18 da na 22. Daga nan sai abin da likita ya gani. Mai zubar jini, mai tagwaye, mai ciwon suga ko hawan jini, wadda mabiyiyarta ta zauna ƙasa, duk za a iya maimaita musu sau da yawa, kuma kada su ji tsoro, domin amfanin ya rinjayi komai. Mai ciwon mara mai tsanani a farkon ciki ma hoto ne yake nuna ko cikin ya zauna a wajen mahaifa, abin da kan kashe mace cikin sa'o'i in ya fashe. Masu son sanin mace ce ko namiji, galibi ana gani a hoton wata biyar ɗin nan, ba sai an yi zuwa na musamman ba.

Shugabar matanmu ta kawo wata magana da mu maza ba mu taɓa lura da ita ba. Ta ce, "Sakatare, ku kuna kasuwa kun iya Yarbanci. Yarinyar da aka kawo daga gida bara, an kwantar da ita a ɗaki mai duhu, ana magana a kanta da yaren da ba ta ji, an miƙo mata takarda da Turanci. In ta dawo ta ji an ce abin nan wuta ne, me zai hana ta yarda?" Ta ƙara da cewa wasu suna gudu ne saboda kunyar namiji ya duba su, musamman hoton da ake yi ta gaba a farkon ciki. Likitar ta ce shi ma sauti ne iri ɗaya, ba ya zubar da ciki, kuma mace tana da damar ta nemi mace ta duba ta, ko wata ta tsaya tare da ita.

Ga abin da taro ya tsayar, muna kuma sanar da wanda bai samu zuwa ba. Ɓangaren mata ya ware mutum uku masu jin Yarbanci da Turanci da za su riƙa raka duk mai buƙata zuwa awo da hoto. Asusun taimakon juna zai biya kuɗin hoto ɗaya ga iyalin ɗan ƙungiyar da ba shi da hali, a zo da takardar asibiti kawai, kuma ba za a karanta sunan kowa a taro ba. A yi hoto a inda likita ko malamar awo ta tura, a hannun likita ko ma'aikacin hoto mai rajista, kuma ba laifi ba ne a tambayi mutum takardar shaidarsa. Kafin a kwanta a yi tambaya: me ake nema a wannan hoton? In amsar ita ce don a ga fuska ko a yi bidiyo, a riƙe kuɗin a sayi abinci mai gina jiki. A adana kowace takardar hoto tare da katin awo, a tafi da su ranar haihuwa, ko da gida Arewa za a je haihuwar. In za a yi wa mace eksire saboda wani ciwo, ta faɗa cewa tana da ciki, likita ya san yadda zai yi. Game da zaure kuma, duk saƙon lafiya da aka turo ba a san tushensa ba za mu sauke shi har sai mun tambayi ma'aikacin lafiya. Wanda aka sauke nasa ya yi haƙuri, ba raini ba ne.

Ranar da muka koma duba mai jego mun tarar da mijin a ƙofar gida yana riƙe da yaron. Ya ce mu gaya wa matasan da suka ba da jini cewa bai san da bakin da zai gode musu ba. Ƙanenmu mai wayoyi kuma ya kawo na'urarsa ofis ya ajiye, tana nan cikin durowa, amaryarsa ta koma bin ranakun da asibiti ya ba ta. Mu ma da muka koma gida mun ba uwargida haƙuri a kan takardun da muka riƙa ɗagawa. Ta ce ai ta daɗe da sanin ba kuɗi ne matsalar ba.

Wanda yake da tambaya ya ajiye ta a ofis ko wajen shugabar mata, likitar ta yi alkawarin dawowa. Allah ya sauki masu juna biyu lafiya, ya raya mana zuri'a.

Sakataren Ƙungiya,
Sabo, Badun.